Weber da sarautar kiɗa a fadar Dresden

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ji an kira Carl Maria von Weber da Hofkapellmeister na sarkin Saksoni. Wace irin sarauta ce wannan, me mai riƙe da ita yake yi daga safe zuwa dare, kuma me ya sa Jamusawa suke ji da mutumin da bai cika shekara 40 a duniya ba?"

Malam, bari mu fara warware kalmar, don rabin amsar a cikinta yake. A Jamusanci Hof fada ce. Kapelle asalinsa ɗan ɗakin ibada ne na cikin gidan sarki, daga baya sunan ya koma kan mawaƙa da makaɗan da ke aiki a ɗakin. Meister kuwa shugaba ne, gwanin da ya isa ya koyar. In an haɗa su, shugaban makaɗa da mawaƙan fada ke nan. Wanda ya san fadojinmu zai ce ai sarkin makaɗa ne, kuma bai kauce sosai ba, domin dukkansu a inuwar sarki suke ci, in an yi biki ko naɗi ko babban baƙo ya sauka su ake nema. Inda suka rabu, na Jamus ma'aikacin albashi ne mai takardar kama aiki, ba gadon gidansu ya ci ba. A samansa akwai bafaden da ke riƙe da kuɗin gidan wasa, kuma duk abin da za a kaɗa a rubuce yake, kowane makaɗi da takardarsa a gabansa. Ƙungiyar makaɗan fadar Dresden, babban birnin Saksoni, an kafa ta tun 1548, har yau kuma tana nan. Heinrich Schütz ya shugabance ta, Johann Adolf Hasse ma haka, Richard Wagner ya hau kujerar a 1843. Weber ya riƙe nasa muƙamin daga 1817 har ya rasu a 1826.

Ba za a gane abin da ya yi a Dresden ba sai an san inda ya tashi. An haife shi a Eutin, a arewacin Jamus, cikin Nuwamba 1786. Mahaifinsa Franz Anton yana da ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, mahaifiyarsa Genovefa mawaƙiya ce a cikinta, tarin fuka ya kashe ta a 1798. Matar Mozart, mai tsara kiɗan da ya shahara tun yana ƙaramin yaro, wato Constanze, 'yar ɗan'uwan mahaifinsa ce, shi ya sa tsohon ya ci burin shi ma ya fitar da yaro abin mamaki daga gidansa. Yaron kuwa da matsalar ƙugu aka haife shi, bai taka ƙasa ba sai wajen shekara huɗu, ya kuma yi ɗingishi har ƙarshen ransa. Ya yi karatu wajen Michael Haydn a Salzburg, daga baya wajen Vogler a Biyana. Amma makarantarsa ta gaskiya bayan labule ce. Tun yana ƙarami ya ga yadda ake jan igiyar canza fage, yadda ake rage fitila, yadda mawaƙiya ke rasa numfashi idan an sa ta gudu kafin ta buɗe baki. Wannan sanin ne ya bambanta shi da masu tsara kiɗan da suka koyi sana'ar a kan tebur kawai, kuma shi ne zaren da za ka bi har ƙarshen labarin.

Vogler ne ya sama masa aikin jagorantar makaɗan gidan wasa na Breslau a 1804, yana da shekara 17. Yaro ya shigo da zafinsa: ya canza wa makaɗa wurin zama, ya ƙara yawan bita, ya nemi a sallami tsofaffin mawaƙan da muryarsu ta ƙare. Ma'aikatan da suka isa su haife shi ba su ji daɗi ba. Ana cikin haka wani dare ya ɗauki kwalbar giya ya kurɓa, ashe ruwan asid ne da mahaifinsa ke zanen ƙarfe da shi. Ya tsira da ƙyar, ya yi kusan wata biyu a kwance, muryarsa ta waƙa ta tafi ke nan. Kafin ya miƙe an rushe gyare-gyarensa, ya ajiye aikin a 1806. Daga 1807 ya zama sakataren Ludwig, ƙanen sarkin Württemberg, a Stuttgart. Bashi ya yi masa katutu, mahaifinsa ya taɓa kuɗin ubangidansa, aka kama shi a Fabrairu 1810, aka kore su biyun daga ƙasar. Tun daga wannan wata ya fara rubuta littafin yau da kullum, yana sa duk kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, bai fasa ba har mutuwarsa.

Shekarar 1811 a Munich ta ba shi abu biyu. Na farko ɗan gajeren wasan barkwanci, Abu Hassan, wanda aka ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya: miji da mata da bashi ya ci, kowannensu ya je fada ya ce ɗayan ya mutu don a ba shi kuɗin likkafani. Na biyu haɗuwarsa da Heinrich Baermann, mai busa kilarinet a fadar. Ya rubuta masa ƙaramin kiɗa ɗaya da manya biyu a shekarar, kuma a wurinsa ya gano abin da ƙasan muryar wannan abin busa ke iya yi, wato wani amo mai duhu kamar daga cikin rijiya. Ka ajiye wannan, za mu dawo kansa. Daga 1813 zuwa 1816 ya shugabanci gidan opera, wato wasan da ake rerawa, a Prag, ya sa wasanni fiye da 60 a dandamali, ciki har da Fidelio na Beethoven da fitowar farko ta Faust na Spohr.

To, yanzu ga Dresden. Ya isa a Janairu 1817, an kira shi ya kafa sashen opera na harshen Jamusanci. Opera wasan kwaikwayo ne da ake rera shi da rakiyar makaɗa, kuma a fadar Saksoni tun kaka da kakanni da Italiyanci ake yin sa. Sashen Italiya yana da nasa shugaban, Francesco Morlacchi, da manyan mawaƙa da kuɗi da kunnen sarki. Da Weber ya duba takardarsa sai ya ga an rubuta Musikdirektor, muƙamin da ke ƙasa da na Morlacchi. Ya ce in haka ne zai koma inda ya fito. Count Vitzthum, bafaden da ya jawo shi, ya shiga tsakani, cikin 'yan makonni aka ba shi cikakken muƙamin Kapellmeister. Wannan ba rigimar girman kai ba ce. Wanda ke ƙasa a muƙami ba shi ke zaɓar ranar bita ba, ba shi ke fara ɗaukar makaɗa ba, kuma in an samu karo tsakanin wasanni biyu nasa ake ɗagawa. Akwai kuma siyasa. Sarki Friedrich August na ɗaya ya goyi bayan Napoleon, aka ƙwace masa fiye da rabin ƙasarsa a 1815. Weber kuwa a 1814 ya sa kiɗa a waƙoƙin Theodor Körner na zuga matasa su yaƙi Napoleon. Fada ba ta manta ba, zaman nasu bai taɓa yin ɗumi ba.

Aikin kullum kashi uku ne. Akwai coci: gidan sarauta 'yan Katolika ne ko da yake yawancin talakawansu mabiya Luther ne, kuma shugabannin kiɗa na karɓa-karɓa wajen jagorantar ibada a babban cocin fada. Weber ya rubuta kiɗan babbar ibada biyu saboda wannan, a 1818 da 1819. Akwai hidimar fada: kiɗan lokacin liyafa, na ranar haihuwa, na aure, da bin sarki zuwa gidansa na bazara a Pillnitz. Kiɗan da ya rubuta a 1818 don cikar sarki shekara 50 a kan mulki daga wannan kashi ya fito. Sai na uku, gidan wasa, wanda shi ne abin da ya kawo shi. Morlacchi yakan tafi Italiya ya daɗe, duk nauyinsa sai ya dawo kan Weber, har da jagorantar wasannin Italiyancin da aka kawo shi ya yi gogayya da su.

A gidan wasan abin da ya tarar 'yan wasan kwaikwayo ne masu ɗan iya waƙa, ba mawaƙa ba. Wasannin Jamusanci masu kyau kuma ba su da yawa. Shi ya sa abin da ya fara sakawa, ranar 30 ga Janairu 1817, wasan Bafaranshe ne, Joseph na Méhul, labarin Annabi Yusuf da 'yan'uwansa, an mayar da shi Jamusanci. Zaɓin na mai hankali ne: waƙoƙinsa ba sa neman makogwaron da ya fi ƙarfin mutanensa, ƙarfinsa yana wajen waƙar taro da haɗin kai, abin da bita ke iya samarwa. Kafin kowane sabon wasa yakan rubuta ɗan bayani a jaridar Abend-Zeitung ta garin, ya gaya wa jama'a wane ne mai kiɗan da abin da za su saurara. A Oktoba 1817 ya samu sarki ya amince a kafa tsayayyar ƙungiyar mawaƙan taro mai albashi, wadda har yau ita ce ta gidan opera na Dresden.

Yadda yake shirya wasa mataki-mataki ne, kuma ya dage a kan kada a tsallake ko ɗaya. Da farko a zauna a karanta matanin kamar wasan kwaikwayo, ba kiɗa, har kowa ya san wane ne shi a labarin da dalilin da ya sa yake faɗin abin da yake faɗi. Mawaƙin da ya haddace amo kafin ya fahimci magana zai yi numfashi a tsakiyar kalma, kuma wannan ɗabi'a in ta zauna ba ta fita. Sannan a shiga ɗaki da fiyano, ɗaya-ɗaya, sai biyu-biyu, sai duka. Daga nan a zauna da 'yan goge kaɗan. Wannan zama yana da wani amfani da ba a cika tunawa da shi ba: a lokacin da hannu ake kwafe wa kowane makaɗi rabonsa daga babbar takarda, mai kwafi kuma yakan tsallake layi ko ya ɓata alama. Gara a kama kuskuren da mutum biyar a ɗaki da a tsayar da mutum arba'in saboda shi. Bayan haka a hau dandamali a tsara tsayuwa da tafiya, wa zai shigo ta wace ƙofa, a kan wane bugu. Sai a ƙarshe a haɗa kowa da kowa, da tufafi da fitilu da kayan fage. Weber yakan sa baki a kan zanen fage da sutura da haske, abin da shugabannin kiɗa da yawa na zamaninsa suke gani ba ruwansu da shi.

Sai batun wurin zama, wanda ya jawo masa baƙin jini a Breslau ya sake jawo masa a Dresden. A tsohon tsari shugaba na zaune ne a gaban fiyano a tsakiyar makaɗa, mai babban goge da mai matsakaici suna leƙa takardarsa ta kafaɗa, wasu masu busa da mai tambura suna can gefe inda ba sa ganinsa sosai. Wannan ya isa ga wasan Italiya na da, inda makaɗa ke bin mawaƙi a baya kamar 'yan rakiya. Amma a kiɗan da masu busa ke shigowa kwatsam, ko amo ke tashi daga raɗa zuwa tsawa cikin bugu biyu, wanda ba ya ganin shugaba da kunne yake bi, kuma mai bi da kunne kullum a makare yake, don sai ya ji sannan ya kaɗa. Mawaƙan taro da ke can ƙuryar dandamali su ma haka, suna ja da baya kaɗan-kaɗan har waƙa ta rabu biyu. Maganin shi ne kowa ya bi ido. Weber ya bar fiyano ya tsaya kusa da bakin dandamali da 'yar sanda a hannu, ya sake jera makaɗa yadda alamarsa za ta kai ga kowa. A hotunan da aka zana shi a Landan, takarda ce naɗaɗɗiya a hannunsa. Sarki da ya lura an canza abin da ya saba gani, ya ba da umarni a mayar da tsohon zama. Ka ga iyakar wannan sarauta ke nan: gwaninta taka ce, amma magana ta ƙarshe ta mai gida ce.

Kada ka ɗauka mai sanda yana nufin mai bugu kamar inji. A bayanin da ya rubuta game da saurin kiɗan operarsa Euryanthe, ya nuna cewa bugu ya kamata ya zama wa kiɗa kamar bugun jini a jikin mutum, yana ɗan sauri yana ɗan lafawa gwargwadon abin da ake faɗi, ba kamar gudumar injin niƙa ba. A ganina wannan ita ce magana mafi amfani da ya bar wa masu wannan sana'a.

Duk wannan sani ya zuba shi a Der Freischütz, kuma nan ne amsar kashi na uku na tambayarka. Sunan yana nufin maharbi mai harsashin tsafi. Friedrich Kind ya rubuta matanin daga wani littafin tatsuniyoyin fatalwa na 1810. Max maharbi ne da zai auri Agathe, 'yar shugaban masu gadin daji, in ya ci gwajin harbi, ga shi kuma hannunsa ya daina sa'a. Abokin aikinsa Kaspar, wanda ya riga ya sayar da ransa ga Samiel, shaiɗanin daji, ya ja shi Kwazazzabon Kyarkeci da tsakar dare su narka dalma su zuba harsashi bakwai. Shida za su sami duk abin da aka nufa, na bakwai na Samiel ne, shi zai kai shi inda ya so. Ranar gwaji na bakwan ya nufi Agathe, amma ta tsira albarkacin wani tsoho mai ibada, Kaspar ne ya faɗi. Aka yi wa Max sassauci da jarrabawar shekara ɗaya. Kind ya so a buɗe wasan da tsohon mai ibada. Caroline Brandt, mawaƙiyar da Weber ya aura a Nuwamba 1817, ta ba da shawara a yanke wannan a faɗa kai tsaye cikin taron ƙauyawa ana yi wa Max dariya. Weber ya bi shawararta, Kind ya ji haushi, amma ita ke da gaskiya.

Makaɗan da ya nema ba su wuce na kowane gidan wasa mai kyau ba: sarewa biyu da ƙananansu, obo biyu, wato dangin algaita, kilarinet biyu, basun biyu, ƙahon tagulla huɗu, kakakin Turai biyu, turombon uku, tambura, da 'yan goge. Gwanintar tana wajen rabon aiki. Ya ba wa daji da rayuwar maharba ƙaho. Ƙahon wancan zamani ba shi da maɓallai, amo ƙididdigaggu kawai yake bayarwa a buɗe, sauran sai mai busa ya cusa hannu a bakinsa, su kuma fito a shaƙe. Ana canza masa murya ne da ɗan guntun bututu da ake sauyawa, wanda ke cin lokaci. A mabuɗin wasan, wato kiɗan da ake fara kaɗawa kafin a ɗaga labule, Weber ya raba huɗun biyu-biyu, kowane biyu da bututu daban, ta yadda amon da waɗannan ba su da shi a buɗe waɗancan suna da shi. Shi ya sa waƙar ƙahon farko ke fitowa cike, ba shaƙewa. Wanda bai zauna da masu busa ya ga wahalarsu ba ba zai yi wannan lissafi ba.

Shaiɗan kuma ya ba shi duhu. Saurari mabuɗin da kyau: da ƙahonin sun gama, 'yan goge za su fara karkarwa a ƙasa-ƙasa, kilarinet biyu su riƙe amonsu mafi zurfi, wancan na rijiya da ya koya wajen Baermann, tambura da babban goge da ake tsinka da yatsa su buga a inda kunne bai zata ba. Haɗin amon da ke ƙarƙashi amo huɗu ne masu tazara iri ɗaya, don haka kunne ya rasa wanne ne gida, ya rasa inda zai sauka. Duk lokacin da Samiel ya gifta, ko ba a gan shi ba, wannan amo ne ke sanarwa. A fagen Kwazazzabo ya ɗauki amo huɗun nan ya mai da kowannensu mazaunin wani sashe na fagen, wato dukan fagen a kan alamar Samiel aka gina shi. Samiel kansa ba ya waƙa ko sau ɗaya, magana yake yi, kuma Kaspar na ƙirga harsasan da baki, amsa-kuwwa na maimaitawa, kowane harsashi da abin tsoron da ke biyo shi: tsuntsayen dare, baƙin gursunu, guguwa, rundunar maharban fatalwa. Wurin da wannan fage ke lalacewa a yau shi ne in jagora ya saki ƙarfi tun harsashi na biyu ko na uku. Kafin a kai na bakwai ba sauran abin ƙarawa, tsoro ya koma hayaniya.

Ya gama rubutun a Mayu 1820, amma ba a Dresden aka fara nuna shi ba. A Barlin ne, ranar 18 ga Yuni 1821, a sabon gidan wasan da Schinkel ya gina, makonni kaɗan bayan Spontini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya kuma ɗan gaban goshin sarkin Purushiya, ya nuna Olimpia da dukan alatunta. Jama'a suka ɗauki abin kamar karawa tsakanin na gida da na waje, na gida ya yi rinjaye. Kafin ƙarshen 1822 an nuna shi sau 50 a Barlin kaɗai. Marubuci Heinrich Heine ya rubuta cewa ba inda mutum zai shiga a garin bai ji ana rera waƙar ƙawayen amarya ba. A Biyana masu tace wasanni suka cire Samiel, suka hana harba bindiga a dandamali, aka koma baka da kibiya. Dresden, inda yake aiki, sai Janairu 1822 ta gani. Abin da Jamusawa suka samu a wasan shi ne kansu: dajinsu, maharbansu, rawar ƙauyensu, tsoron da kakanninsu ke ba su labari, cikin harshensu, kuma da gwanintar da ba ta jin kunyar tsayawa kusa da ta Italiya. Arziki dai bai biyo baya yadda za ka zata ba. Babu dokar haƙƙin mallaka da ta game ƙasashen Jamus a lokacin, gidan wasa sau ɗaya yake biyan kuɗin kwafi ya yi ta nunawa.

Wasan da ya biyo baya darasi ne a kan abin da kan lalace. Masu suka sun ce Freischütz wasa ne na waƙa da magana a cakuɗe, ba babbar opera ba. Weber ya so ya nuna zai iya wadda ake rerawa daga farko har ƙarshe, ya karɓi aiki daga Biyana, aka nuna Euryanthe ranar 25 ga Oktoba 1823, Henriette Sontag mai shekara 17 ta fito a matsayin tauraruwa. Kiɗan na cikin mafi kyawun abin da ya rubuta. Wajen da goge takwas masu toshewar murya ke raɗa a mabuɗin, alamar fatalwar Emma, matacciyar da ke cikin labarin, ba a taɓa jin irinsa ba a lokacin, kuma wanda ya san Lohengrin na Wagner zai ji inda aka sha ruwa. Matsalar matanin Helmina von Chézy ce, duk da an yi ta gyara shi. Dukan rikicin ya rataya ne a kan sirrin wannan matacciya da zobenta, abin da ya faru kafin a ɗaga labule, 'yan kallo ba su gani ba, labari kawai aka ba su, cikin waƙa kuma, inda rabin kalmomi ke ɓacewa. A wasan da ake magana tsakanin waƙoƙi ana iya bayyana irin wannan cikin minti ɗaya. Da ya cire maganar, ya cire wa kansa wannan mafita. Laifin ba na marubuciyar kaɗai ba ne, shi ya zaɓe ta, shi kuma ya nemi yawancin canje-canjen.

A lokacin tarin fukan da ya kashe mahaifiyarsa ya riga ya kama shi. Bayan Euryanthe ya yi fiye da shekara kusan bai rubuta komai ba, aikin fada kuma bai ragu ba, ko da yake an ɗauki Heinrich Marschner a 1824 ya taimaka. Wasan barkwancin da ya fara, Die drei Pintos, bai gama shi ba, Gustav Mahler ne ya kammala shi aka nuna a Leipzig a 1888. Sai ga gayyata daga Charles Kemble na gidan wasan Covent Garden a Landan, da kuɗin da ya fi abin da Jamus ke biya nesa ba kusa ba. Ya san jikinsa, ya san tafiyar za ta rage masa kwana, amma yana da mata da 'ya'ya maza biyu ƙanana, Max da Alexander, ba kuma abin da zai bar musu. Ya zauna ya koyi Turanci da darussa fiye da 150 don ya sa kiɗa daidai da nauyin kalmomin. Matanin Oberon, na James Robinson Planché, an yi shi ne yadda 'yan kallon Landan ke so: magana mai yawa, canjin fage ba iyaka, daga ƙasar aljanu zuwa Bagadaza ta Haruna Rashid zuwa Tunis. Weber ya yi niyyar sake masa fasali in ya koma gida.

Ya bar Dresden a Fabrairu 1826 tare da Anton Fürstenau, mai busa sarewa a fadar, suka bi ta Faris. An nuna Oberon ranar 12 ga Afrilu, aka karɓe shi hannu bibbiyu, shi da kansa ya jagoranci nuni goma sha biyu na farko, ban da sauran tarukan kiɗa da ya yi ta karɓa don ƙarin kuɗi, ƙafafunsa a kumbure, numfashi da ƙyar. Taron da aka shirya don amfanin kansa a ƙarshen Mayu bai cika ba. Ya matso da ranar komawarsa gida, amma da safiyar 5 ga Yuni aka tarar ya cika a ɗakinsa a gidan Sir George Smart, yana da shekara 39. Aka binne shi a cocin Katolika na Moorfields.

A Dresden Carl Gottlieb Reissiger ya ci gaba da sashen Jamusanci, a 1832 kuma aka rufe na Italiyanci a matsayin sashe mai zaman kansa. Wagner, wanda tun yana yaro yake ganin Weber na wucewa da ɗingishinsa daga wajen bita, shi ya tsaya kai da fata bayan ya hau kujerar har aka ɗauko gawar daga Landan a Disamba 1844. Ya tsara kiɗan rakiya na masu busa da ganguna daga amo biyu na Euryanthe, aka bi akwatin da fitilu da dare daga bakin kogin Elbe, washegari ya yi jawabi a bakin kabari. Aka sa Weber a tsohuwar maƙabartar Katolika ta Dresden, kusa da ɗansa Alexander, wanda ya rasu makonni kaɗan kafin gawar mahaifinsa ta iso.